Me ya kamata in zuba a ruwan kula domin ta ƙara sanyi?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ina da kula irin mai sanyaya iska da ruwa, na shekara 2 ina amfani da ita, amma a bana sanyinta ya ragu ƙwarai, har tana fitar da wari irin na tsumman da ya kwana a jiƙe. Da na buɗe bayanta sai na tarar wani farin ɓawo ya daskare a jikin sosonta, wato wanda ruwa ke jiƙawa iska ta ratsa ta cikinsa, idan na kankara da farce yana zubowa kamar garin alli. Wani ya ce in zuba ƙanƙara, wani ya ce gishiri. Wanne ya fi?

Tsohon Makanike:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kuskura ka zuba gishiri, domin yana rage saurin ƙafewar ruwa, ga shi yana cinye famfo da tsatsa. Sanyin kula daga ƙafewar ruwan yake fitowa: lita 1 idan ta ƙafe tana ɗauke zafi kusan kilojul (ma'aunin yawan zafi) 2,400, alhali narkewar kilo 1 na ƙanƙara kilojul 334 kawai take sha, shi ya sa amfanin ƙanƙara na ɗan lokaci ne.

Ainihin matsalarka ɓawon nan ne. Idan ruwa ya ƙafe, sinadaran kalsiyam da maganiziyam da ke cikinsa ba sa tafiya, suna taruwa har su toshe ƙofofin soson, iska ta kasa ratsawa. Ka cire wutar, ka zare soson, ka jiƙa shi a ruwan khal (vinegar) da aka sirka da ruwa, ka ɗauraye sosai, sannan ka sa tsinke ka buɗe ƙananan hudojin bututun da ke zubo ruwa daga sama. Idan soson ya fara rugurgujewa a hannunka, sauya shi ya fi.

Uwar Gida:
Game da warin, ni ma na sha fama da shi lokacin da nake ƙara ruwa a kan tsohon da ke cikin tanki. Yanzu ina zubar da shi gaba ɗaya aƙalla sau ɗaya a mako, in goge gansakukar, kuma kafin in kashe nakan tsayar da famfo in bar fanka ta busar da soson. Ina roƙonka kada ka haɗa bilic da ruwan khal, domin haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai illa ga huhu.

Tsohon Makanike:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ka kuma bar taga a ɗan buɗe, domin idan ɗaki ya cika da danshi ruwan ba zai ƙafe ba, ko da soson sabo ne.