Kuran daga sama ko in sayi panno?

Laminu: Salamu alaikum. Yarona ya nuna mini wani bidiyo wai an kusa fara turo kuran, wato wutar lantarki, daga sararin samaniya ba tare da waya ba. Ni kuwa ina tara kuɗin panno, wato faifan rana, saboda firigon shagona a Kasuwar Dole. In dakata ne ko in saya?

Malam Isufu: Amin wa alaikumus salam. Laminu, sayi abinka, zancen nan ya girme ka. Wani injiniya a Amurka, Peter Glaser, shi ya kawo shi tun 1968. Dabarar ita ce a kafa faifan rana a nisan kilomita kusan 36,000, inda ba hazo ba gajimare, a mai da wutar igiyar maikurowef irin ta na'urar ɗumama abinci, a harbo ta kan wani makeken filin eriya, shi kuma ya mai da ita kuran. A 1975 an gwada a Goldstone ta Kalifoniya, fiye da kilowat 30 ya ratsa kilomita ɗaya da rabi, amma duk a doron ƙasa, ba daga sama ba. A 2023 jami'ar Caltech ta harbo daga sama, abin da ya iso sai na'ura ce ta gane shi, ko salula ba zai caja ba.

Sani Walda: To tantabaruna fa? Kada su sauko a gashe.

Hajiya Rabi: Ka huta da sayen gawayi ke nan.

Malam Isufu: A lissafinsu, ƙarfin igiyar bai kai rabin na ranar tsaka ba, Sani.

Alhaji Ali: Ku bar zancen sama. Laminu, panno ba ya da matsala, batir ne ke kashe mutum. Bara na sayi biyu wajen wani, ba zan faɗi suna ba, ya rantse mini sabbi ne dal. Na ajiye su a ɗakin kwano. Zafin Afrilu na shigowa ɗaya ya kumbura kamar tulu, ƙarfe goma na dare fanka ta tsaya, yara na kuka. Da mai gyara ya ɓamɓare takardar jiki sai ga wata tsohuwa a ƙarƙashi. Na koma, ya ce wai ni na sa masa kaya da yawa. In kana da hali ɗauki batirin litiyom, ka sa shi inda iska ke shiga, kuma lokacin hunturu ka riƙa goge panno da tsumma, ƙura na cin wuta.

Musa: Alhaji, ai na hana ka, ka ce na fiye tsada.

Alhaji Ali: Har yanzu ka fiye tsada.

Hajiya Rabi: Ni dai abin da nake dubawa, da Najeriya ta yanke wa Nijar kuran a Agustan 2023 kowa ya ji a jikinsa, ita ma maƙwabciya ce. To ina ga makunnin yana can sama a hannun wani?

Laminu: Gaskiya ne Hajiya. To panno nawa zai ja firigo ɗaya?

Musa: Turo hoton takardar da ke bayan firigon.