Makarantar unguwa da ta farfaɗo ko tsohuwar mai suna? Ku taimaka min kafin a rufe fom

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka taɓa shiga irin wannan nake son ji daga bakinsu. 'Yata za ta shiga aji huɗu na sakandare zangon da ke tafe, makarantu biyu ne a gabana kuma duka na gwamnati ne, na faɗa tun yanzu don ba mu da halin ta kuɗi. Ta farko tana bayan layinmu, tafiyar minti goma ce a ƙafa. Lokacin da muka tare a unguwar nan shekara tara da suka wuce ko katanga ba ta da ita, ƙarfe goma na safe za ka ga yara sun watse a titi. To amma unguwar ta canza, an zuba kwalta, ma'aikata sun sayi filaye sun yi gine-gine, an kawo sabuwar shugaba shekara uku ke nan, an yi katanga an gyara ɗakin gwaje-gwaje, bara har sun manna sakamakon jarrabawar fita a bakin get kuma gaskiya ya yi kyau. Ta biyun ita ce wadda ni kaina na yi, tana da suna tun zamanin iyayenmu, amma sai an hau mota biyu, kuma unguwar yanzu duk ta koma shaguna da sito, masu iyali sun tashi. Babanta ya ce suna linzami ne a kai ta tsohuwar, ni kuma zuciyata ta fi kwanciya da ta kusa. Ranar Juma'a ake rufe karɓar fom.

Alhajin Gwale-gwale:
Wa alaikumus salam. Ki daure ki sa ta a ta kuɗi kawai, ilimi ba a yi masa rowa.

Ummu Sudais:
Alhaji ka karanta kuwa? Layi na uku ta ce ba hali.

Anti Bilki:
Ni dai ta kwana ta fi min, yarinya ta natsu babu yawon hanya. Nawa duka ukun kwana suka yi kuma alhamdulillahi.

Baban Khalifa:
Maman Hanifa wannan takardar da kika gani a bakin get ita ce ta cuce ni, don haka ki saurare ni da kyau. Tamu ma haka aka yi, unguwa ta waye, aka yi wa makaranta fenti aka kawo sabon shugaba mai zafin nama, kowa na yabo, na ciro ɗana daga inda yake na kawo shi aji huɗu. Yaron ba daƙiƙi ba ne amma lissafi na ba shi wahala tun firamare. Shekara biyu muna zaune lafiya ba wanda ya taɓa kirana ya ce ga matsala, kullum rahoto ya zo an rubuta a ƙara ƙoƙari. Sai da suka shiga aji shida aka yi musu wata jarrabawar gwaji, aka kira mu iyaye wajen talatin aka tara mu a wani aji, har yau ina tuna benci ne na yara muka zauna gwiwata tana dukan tebur, mataimakin shugaba ya tsaya da takarda a hannu yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, ya ce waɗannan makaranta ba za ta yi musu rajista da sunanta ba, ko su maimaita aji ko mu je mu yi musu rajista a waje. Na ce Malam shekara biyu yana hannunku me kuka yi masa? Ya ce min wai su ma daga sama ake matsa musu a kan sakamako. Da sakamako ya fito suka manna a get kusan kowa ya ci. To ai dole kowa ya ci tunda an tsame waɗanda za su faɗi. Yaron nan wata shida ko hanyar makarantar ba ya bi, in zai je wani wuri sai ya zagaya ta bayan layi don kar ya haɗu da 'yan ajinsu. Daga baya ya rubuta a waje ya samu, amma wallahi ba shi ne yaron da na sani ba, ya daina magana a gida.

Ummu Sudais:
Innalillahi. Allah ya saka masa.

Baban Khalifa:
Amin. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, a taron iyaye na gaba na tashi zan yi magana, wani daga cikin sababbin masu gidajen nan ya ce wai a bar makaranta ta riƙe matsayinta, ba a son masu jawo ta baya. Mutumin da ya zo unguwar jiya. Mu da muka yi aikin gayya muka ɗora bulon katangar da hannunmu, mu ne masu jawo ta baya.

Malam Sani Mai Alli:
Shekara 19 ina koyar da kemistiri a makarantun gwamnati, an yi min tiransifa sau huɗu. Abin da ya samu Baban Khalifa ba sabo ba ne kuma ba wuri ɗaya ake yinsa ba, ko a Ingila hukumar da ke duba makarantunsu, Ofsted, ta daɗe tana kuka da makarantun da ke zare yara masu rauni daga rajista kafin jarrabawa. Maman Hanifa ki riƙe wannan, sakamakon da ke get yana gaya miki su waye suka shigo makarantar ne fiye da abin da makarantar ta yi musu. In unguwa ta cika da iyaye masu karatu da ke biya wa yara lesin da yamma, sakamako zai tashi ko da malaman nan ne dai na da ba su canza komai ba. Tun 1966 wani bincike da James Coleman ya jagoranta a Amurka a kan ɗalibai fiye da dubu 600 ya nuna gidan da yaro ya fito da irin yaran da yake zama da su a aji sun fi gini da kayan aiki tasiri a kan sakamako. Irin wannan tunanin ne ya sa a 2016 Ingila ta koma auna sakandare da yawan ci gaban da yaro ya yi daga ƙarshen firamare zuwa shekara 16, ba yawan waɗanda suka ci kawai ba. Ki je ki tambaye su abu ɗaya: yara nawa suka shiga aji huɗu shekara uku da suka wuce, nawa ne a cikinsu suka zauna jarrabawar da sunan makarantar. In 300 suka shiga 180 suka zauna, ki tambayi ina sauran.

Dan Gayu 07:
Malam daga tambayar makarantar bayan layi ka kai mu Amurka ka dawo da mu Ingila, ko biza ba ka nema mana ba 😂

Hajiya Ladidi:
Da girmanka Malam, amma ku malamai ai ku ne matsalar, yanzu kuma ku ne masu ba da shawara. Wanda ya tara su Baban Khalifa a aji ai malami ne. Ni uwa ce na yaye shida duk sun gama sakandare, ba na buƙatar wani Bature ya gaya min. Ƙanwata ki kai ta tsohuwar, tsohuwar zuma da ita ake magani.

Malam Sani Mai Alli:
Hajiya nawa huɗu ne kuma duk ta gwamnati suke, don haka ta ɓangare biyu nake magana. Kuma tsohuwar zumar nan sai a leƙa tulun a gani ko akwai saura. Na koyar a irin ta, suna na nan amma malaman da suka yi sunan sun yi ritaya, da iyalai suka tashi ɗalibai suka ragu sai aka kwashe malamai aka kai inda ake da cunkoso, muka yi zango biyu babu malamin fiziks, ni nake haɗawa.

Hajiya Ladidi:
To ai ka ga ka faɗa da bakinka, ɗalibai sun ragu. Aji mai mutum 40 da aji mai mutum 90 ɗaya ne?

Ummu Sudais:
Nan kam Hajiya ta yi gaskiya. Tamu tunda ta yi suna kowa ya kwaso nasa, 'yata ta ce in ba ka je da wuri ba a taga za ka zauna.

Injiniya Bash:
Ni a ganina a duba kuɗin mota. Mota biyu zuwa biyu dawowa sau biyar a sati, in kin tara na zango ɗaya ya isa ki biya mata lesin na lissafi da Turanci har ki samu canji.

Anti Bilki:
Wane lesin? Injiniya yaushe rabonka da biyan lesin? Kuɗin motar wata uku ba zai biya na wata ɗaya ba yanzu, tunda masu kuɗi suka shigo unguwa malaman lesin suka ninka.

Injiniya Bash:
Anti ni nake biya wa ƙannena biyu, bai kai rabin abin da kike nufi ba.

Anti Bilki:
Ƙanne. To ka bari ka haifi naka tukuna.

Dan Gayu 07:
An zo wajen. Dokar gidan nan dai in ba ka da mata ko ƙarfe nawa ne ba ka da ikon faɗa 😂

Yaya Asabe:
Ni ce nan na yi irin zaɓinki shekara huɗu da suka wuce kuma ta kusa na ɗauka, ban yi nadama ba amma ba don sakamako ba. Don ina iya leƙawa ne. Ranar da na ga littafin Turancinta sati uku ba a duba ba na saka hijabi na taka har ofishin shugabar, kafin azahar na dawo gida. Da mota biyu ce sai in ce gobe, goben nan ba za ta zo ba. Abin da na lura kuma gyaran makaranta a jikin mutum ɗaya yake rataye, tamu shugabar na nan komai na tafiya, ƙarfe bakwai da rabi tana bakin get da rajistar malamai a hannu, aka ɗauke ta bara zuwa hedikwata, cikin zango biyu malamai suka koma zuwa ƙarfe tara. Ki bincika ko taku ta kusa ritaya ko ana maganar ɗauke ta. Sannan ki je ranar da ba su san za ki zo ba, bayan an dawo daga tara, ki ƙirga azuzuwan da babu malami a ciki, kuma ki shiga banɗakin 'yan mata. Wallahi banɗaki ba ya ƙarya.

Maman Hanifa:
Na gode Yaya Asabe, wannan na banɗakin ko a raina bai zo ba. Malam in na tambayi yawan waɗanda suka zauna za su gaya min kuwa?

Baban Khalifa:
Ba za su gaya miki ba. Ki nemi iyayen da aka tara a aji irina, su za su gaya miki.

Kawu Iro:
Ku kuna ta maganar wace makaranta, mu da gyaran makarantar ya kora daga unguwa fa? Shekara 14 ina haya a gida ɗaya, yarana uku suka yi makarantar lokacin da ba kowa ke so ba. Tana yin suna mai gida ya aiko dillali wai haya ta ninka, dalili wai gidan na kusa da makaranta mai kyau. Na tashi na koma bayan gari, yanzu autata aka ce ba ta cikin yankin makarantar ba za a ɗauke ta ba.

Injiniya Bash:
Ninkawa kam Kawu an yi maka zalunci ne kawai, a wajenmu kashi ɗaya cikin uku aka ƙara.

Ummu Sudais:
Wane kashi ɗaya cikin uku, namu sau biyu aka ƙara cikin shekara ɗaya kuma na shekara biyu ake so a dunƙule.

Hajiya Ladidi:
Ni ina da gidan haya kuma ko sisi ban ƙara ba shekara uku, kar a yi mana kuɗin goro. Ku tambayi kuɗin siminti.

Malam Sani Mai Alli:
Wannan ma an auna shi. Wata masaniyar tattalin arziki Sandra Black ta duba gidajen da ke kan iyakar yankunan makarantu a kewayen Boston, a 1999 ta fitar da cewa in sakamakon makaranta ya fi na maƙwabciyarta da kashi 5 cikin ɗari, gidan ɓangarenta ya fi tsada da kusan kashi 2 da rabi, alhali titi ɗaya ne ya raba su. Firamare ta duba ba sakandare ba amma hanyar ɗaya ce. Sakamako ya ja haya, haya ta kori talaka, sakamako ya ƙara tashi, a ce makaranta ta gyaru.

Dan Gayu 07:
Mun sake komawa Amurka jama'a a ɗaura bel.

Kawu Iro:
Kashi 2 da rabi? Malam ka turo min lambar mai gidan nan na Boston in koma can. Kuma abin haushin, wai ba ta cikin yanki, amma da safe ka tsaya a get ka ga motocin da ke sauke yara, daga ina suke? Wasu unguwarsu ta fi tawa nisa sau uku. Takardar wani babba kawai suka kawo. Wani ma adireshin shagon ƙaninsa ya rubuta a fom.

Anti Bilki:
Wannan na adireshi kam kowa na yi, ni ma na san waɗanda suka ari takardar wutar maƙwabta.

Hajiya Ladidi:
To in dillali ne ya zo maka da maganar ƙari ka tabbata mai gidan ya sani? Rabin ƙarin nan dillalai ne ke ɗorawa su ci a tsakiya.

Kawu Iro:
Har gida na same shi Hajiya, ya ce in ban iya ba akwai mutum uku a layi.

Maman Hanifa:
Allah ya kawo mafita Kawu. Don Allah dai kafin Juma'a, akwai wanda 'yarsa ta yi wannan zirga-zirgar ta mota biyu har shekara uku? Ya karatun ya kasance, tana dawowa da sauran ƙarfin yin aikin gida?

Ummu Sudais:
Hajiya Ladidi gidan naki akwai ɗaki biyu da falo da zai fita kwanan nan? Namu wa'adin watan gobe ne.