"Sabo da maza jari" ko "sabo turken wawa"?

Mai Tireda, Agege, Ikko: Salamu alaikum jama'a, ku raba mu gardama ni da yayana. Jiya da dare ya zo shagona ya buɗe littafin bashi, ya ga sunaye shafi-shafi. Ya kuma samu labarin cewa ranar Alhamis, da safen da kasuwanni ke rufe don shara, ni na ja yaran layinmu muka yashe kwata daga bakin masallaci har titi, na saya musu shayi da burodi. Ya ce wai shago na buɗe ko ofishin agaji. Na ce Yaya, sabo da maza jari. Ya ce a'a, sabo turken wawa. Rabin kuɗin shagon nasa ne, kuma har yanzu bai ɗauki wayata ba. Wa ya fi gaskiya?

Ɗan Gwari, Mile 12: Wa alaikumus salam. Ka turo mana Yaya ya kwana ɗaya a nan kasuwar kayan gwari ta Mile 12. Manomi yana Kadawa ko Danja, zai loda kwandunan tumatir a mota ya turo wa dillalin da wataƙila sau ɗaya ya taɓa ganin fuskarsa. Ba takarda, ba sa hannu. Dillali ya sayar, ya cire la'ada da kuɗin mota, ya tura sauran. Matan Yarbawa kuma su ɗebi kaya da asuba, sai yamma su kawo kuɗi. In ka ce sai ka ga kuɗi a hannu, rana na ɗagawa kayanka sun fara ruwa. A 2016 da tsutsa ta cinye tumatir a arewa, ɗan abin da ya tsira ba mai kuɗi aka fara kira ba, wanda bai taɓa riƙe wa manomi ko kwabo ba shi aka kira.

Maman Walida, Idi-Araba: Malam Ɗan Gwari, wannan amana ce tsakanin 'yan kasuwa, kowa yana da abin da zai rasa. Mai Tireda maganar maƙwabta yake yi. Ni kunun aya da zoɓo nake yi. Baƙo ya sha ya biya ya wuce. Wanda kuka saba ne zai sha gora biyu ya ce "Maman Walida, rubuta". In ka tambaya ya ce haba, kamar ba mu saba ba? Kuma ku da kuke ta maza maza, mu mata namu sabon ba jari ba ne ke nan?

Tela, Obalende: Hajiya, ai akwai matan da suka fi maza cika alkawari, su ma karin maganar ta ɗauke su. Ba da kowane mai hula ake ba.

Tsohon Ɗan Acaɓa: Ni dai shaida ne. Da aka hana acaɓa a watan Yunin 2022, a Surulere aka ƙwace mashin ɗina, ba ni da ko na abinci. Wani dattijo Bayarabe da nake kai jikokinsa makaranta, wanda sau da yawa in ruwa ya sauko ba na ƙara masa kuɗi, shi ya tsaya mini na samu Keke na haya. Amma gaskiya akwai waɗanda na ɗauka kyauta fiye da shi, da suka gan ni a ƙasa ko gaisuwa.

Bakatsine: Ai wanda ya fi kowa gane karin maganar nan shi ne wani mai girma da ke zuwa Zango duk bayan shekara huɗu. Ya sa babbar riga, ya ce "sannu, sannu" da Hausar da ya haddace a mota, a raba taliya da atamfa. Mu ne jarin, shi ne mai riba.

Tela, Obalende: Namu na gida ma da muka yi wa ɗinki bashi lokacin kamfen, yanzu lambarsa kullum a kashe. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, mu ne kajin.

Jikar Goggo, Agege: Ku bar 'yan siyasa tukuna, Mai Tireda ya tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Daga Kano mijinta ya kawo ta a jirgin ƙasa, shi yana harkar goro. Kun san tun da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912 mutanenmu ke sauka Agege saboda goro da shanu. Goggo tuwo take sayarwa a ƙofar gida, shinkafa da miyar kuka, da safe koko da ƙosai. Ba ta yi boko ba, don haka bangon ɗakin girki ne littafinta. Kowane mai bashi yana da wurinsa, ta ja layi da gawayi, kwano ɗaya layi ɗaya. Wani wurin kusa da taga, wani bayan ƙofa, ba ta taɓa rikita na wani da na wani ba.

Duk yaron da ya sauka tasha bai san kowa ba, masu dako su ce masa je ka gidan Goggo. Ta ba shi tuwo, ta nuna masa zaure, gobe ta haɗa shi da mai ɗaurin huhun goro ko mahauci. Mace baƙuwa ta zo haihuwa, Goggo. Wata ta rasu ba dangi, Goggo ce mai wanka. Har matan Yarbawa na layin suna aiko mata yara da zazzaɓi.

Maman Walida, Idi-Araba: To su masu layin gawayi suna biya?

Jikar Goggo, Agege: Ina zuwa, Hajiya. Fatake in za su tafi arewa, wurinta suke barin ajiya. Tana ƙulle kuɗin kowa a tsumma daban, ta zuba a wata babbar kwalla ƙarƙashin gado. Sai ga canjin kuɗi na 1984, kwanaki kaɗan aka bayar, kuma an ƙayyade abin da mutum ɗaya zai canza. Masu kuɗin wasu suna Sakkwato, wasu Gusau, ba waya. Mahaifiyata ta ce Goggo ta sauke tukunya, ta tara 'ya'yanta da 'yan haya da yaran zaure, kowa ta damƙa masa ƙulli ɗaya, suka yi ta bin layin banki tun asuba. Ta canza na mutane kaf. Nata na cinikin tuwo, da ta bari sai ƙarshe, wani ɓangarensa a hannunta ya mutu.

Biya kuwa, wasu sun biya har da buhun gero a kai. Wasu sai dai ta shafe bango in azumi ya zo. Amma kada ku ɗauka sakarya ce. In ta ji kana da shi ka hana, a ƙofar masallaci za ta sa kujera bayan Magariba, ba za ta ce uffan ba, gaishe ka kawai za ta yi da suna a gaban mutane. Ba a kai kwana uku.

Bakatsine: Allahu akbar. Da za a samo mana irin kujerar nan mu kai ƙofar majalisa.

Yaro Mai POS: Tambaya ɗaya, Anti, ba raini ba. Ta bar gida?

Jikar Goggo, Agege: A gidan haya ta rasu. Maƙwabciyarta mai tuwo da ba ta ba ko ɗan cikinta bashi, ita ta gina gida a Dopemu. Kawuna har gobe cewa yake sabo ne ya cinye Goggo. Mahaifiyata kuma ta ce duk 'ya'yan Goggo ba wanda ya nemi sana'a ya rasa mai kama masa hannu, shi kansa Kawu wani tsohon yaron zaure ne ya sa shi a harkar shanu a Oko-Oba. In suka fara wannan musu barin ɗakin muke yi. Ranar jana'izarta dai sai da aka tare titi.

Yaro Mai POS: Cikar jana'iza ba ta biyan kuɗin haya.

Ɗan Gwari, Mile 12: Kai yaro ka ji tsoron Allah. Ku da a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, kuka riƙa sayar mana da kuɗinmu, kai ne za ka yi maganar riba? A watannin nan masu shagon da suka ba da bashi su suka riƙe unguwa.

Yaro Mai POS: Baba, mu ma saye muke yi a lokacin, wallahi.

Tela, Obalende: Mai Tireda, ni abin da na gani, kwata daban, littafi daban. Yashe kwata ƙarfinka ne, ba wanda zai hana ka. Littafin kuwa da kuɗin Yaya a ciki, kuma Goggo da tuwonta ta yi kyauta, ba da na wani ba.

Tsohon Ɗan Acaɓa: Amma in ya rufe littafin, masu bashin shagon gaba za su koma da tsabar kuɗinsu don kunya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Maman Walida, Idi-Araba: Tunda an zo nan, akwai wani a cikinmu da ya karɓi zoɓo na sunan ɗansa tun kafin Babbar Sallah. Ba zan kama suna ba, Katsina dai garin mutunci ce.

Bakatsine: Hajiya na tura tun ɗazu, sabis ne ya riƙe. Ɗan Gwari, nawa buhun albasa yau?