Neman shawara: ƙananan ƙuraje masu ruwa a yatsu duk lokacin zafi

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk bazara sai wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito min a gefen yatsu da tafin hannu, can ƙarƙashin fata kamar ƙwayar gero. Ƙaiƙayi har ya hana ni barci, bayan kwanaki su bushe fata ta riƙa salewa. Ni ke wanki da girki a gida. Mene ne wannan, kuma yana yaɗuwa ga yara?

Ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba da lafiya. Bayaninki ya yi daidai da wani nau'in eczema (ciwon fata mai ƙaiƙayi) da likitoci ke kira pompholyx. Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, ba a ɗaukarsa, ruwan cikinsa ma ba ya sa wa kowa. Yakan yi mako 2 zuwa 3 ya bushe, sannan ya dawo idan abin da ke tayar da shi yana nan: gumi da zafi, yawan jiƙa hannu, omo da sabulun wanke-wanke, zobe ko awarwaro mai sinadarin nikel, siminti, da damuwa. Amma ki duba abu ɗaya tukuna. In ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, ya kai wuyan hannu da cibiya, kuma wani a gidan yana susa, to mai yiwuwa ƙazwa ce, maganinta daban, kuma duk gidan ake yi wa.

Mai harhaɗa magunguna: Hajiya, kada ki fasa su da allura, nan ne ƙwayar cuta ke samun ƙofa. Ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ki ɗora minti 15, sau 2 zuwa 4 a rana. In suna tsatsafo da ruwa, ana jiƙa hannu a ruwan wani maganin busar da ƙuraje da ake kira potassium permanganate: ƙwaya ɗaya ta miligiram 400 a lita 4 na ruwa, ya zama ruwan hoda mai haske, minti 10 zuwa 15. In ya yi duhu ƙuna zai yi, yana rina farce, kuma ba a sha, ki ɓoye wa yara.

Maganin shafawa kuwa, fatar tafi tana da kauri, mai sauƙi irin hydrocortisone ba ya cika ratsa ta. Likita yakan rubuta mai ƙarfi irin betamethasone ko clobetasol na kamar mako 2. Awonsa: a matso daga kan yatsar manuniya zuwa gaɓar farko, wannan ya isa hannu ɗaya ciki da baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen man shafawar nan mai haɗin magani uku a kemis a yi ta shafawa wata da watanni, fata ta yi siriri ta fara tsagewa. Don barci, chlorpheniramine miligiram 4 da dare yana taimaka wa babba, sai dai yana sa gyangyaɗi. Mai ciki ko shayarwa ta tambayi likita.

Wata mamba: Ƙari a kan nasu. Rabin maganin yana wurin wanki ne. Ki sa safar hannu ta auduga a ciki, ta roba a kai, kada ta wuce minti 20, don gumin da ke taruwa a cikin roba shi ma tayar da ƙurajen yake. Ki cire zobe kafin ki taɓa ruwa, kumfa na maƙalewa a ƙarƙashinsa. Bayan alwala da duk wani wanke hannu, ki tsane tsakanin yatsu ki shafa basilin ko man kaɗanya marar turare. Lemon tsami, tafarnuwa da attaruhu, a samu mai yanka miki har fatar ta haɗe. Baƙin lalle ma ki hutar da shi, sinadarin PPD da ke cikinsa yana ƙona hannu.

Ma'aikaciyar jinya: Ki duba tsakanin yatsun ƙafa kuma. Ciwon fungus a nan yana iya sa hannu ya fitar da irin ƙurajen, sai an magance ƙafar hannun ke lafawa. In kin ga mugunya, ɓawo rawaya, kumburi da zafi ko zazzaɓi, ki je asibiti a ranar. In kuma yana dawowa duk shekara, ki nemi likitan fata ya yi miki gwajin manna sinadarai a gadon baya, a gano wanda jikinki ba ya so.