Me ake nema a tseren zuwa wata na yanzu, alhali Amurka ta riga ta sauka tun 1969?

Ɗalibin Kimiyya:

Assalamu alaikum. Ina roƙon masana tarihi da masu ilimin kimiyya na wannan zaure su warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai. Sanannen abu ne cewa Amurka ta saukar da mutum a kan wata ranar 20 ga Yuli, 1969, kuma daga wannan rana zuwa Disamban 1972 mutum 12 ne suka taka ƙasar watan. Daga nan ƙafa ta ɗauke har fiye da shekara 50. Yanzu kuma ana ta ba da labarin cewa Amurka da Sin suna rige-rigen kai 'yan sama jannati can. Idan an iya wannan aiki a zamanin da kwamfuta ba ta kai ta yau ƙarfi ba, me ya sa komawa ta zama da wuya haka? Sannan kuma, tunda an riga an san wanda ya zo na ɗaya, mene ne abin da za a ci a wannan tsere na biyu?

Tsohon Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ba za ka fahimci dalilin da ya sa aka daina zuwa ba sai ka san dalilin da ya sa aka je tun farko, domin ba neman ilimi ne ya kai Amurka wata ba, kunya ce ta kai ta. Tarayyar Sobiyet ce ta fara harba tauraron ɗan'adam, wato Sputnik, ranar 4 ga Oktoba, 1957, kuma ita ce ta fara tura mutum sararin samaniya lokacin da Yuri Gagarin ya zagaya duniya ranar 12 ga Afrilu, 1961. A zamanin yaƙin cacar baka wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda rokar da za ta iya ɗaga kumbo ita ce za ta iya ɗaukar makamin nukiliya zuwa wata nahiya, kuma ƙasashen Afirka da Asiya da suka sami 'yancin kai a lokacin suna kallo su ga wane tsari ne ya fi ƙarfi. Makonni kaɗan bayan tafiyar Gagarin, ranar 25 ga Mayu, Shugaba Kennedy ya tsaya gaban majalisar dokoki ya ce kafin shekarun 1960 su ƙare Amurka za ta kai mutum wata ta kuma dawo da shi lafiya. Ya zaɓi wata ne domin buri ne mai nisan da zai ba ƙasarsa damar cim ma abokiyar hamayyarta har ta wuce ta.

An zuba dukiya yadda ba a taɓa yi ba. A tsakiyar shekarun 1960 hukumar NASA, mai kula da harkokin sararin samaniya a Amurka, tana karɓar sama da kashi 4 cikin 100 na kasafin kuɗin gwamnatin tarayyar Amurka, kuma kimanin mutum 400,000 ne suka yi wa shirin Apollo na kai mutum wata aiki. Mu ma nan aikin ya shafe mu, domin a cikin waɗannan shekaru NASA tana da tashar sadarwa a Kano wadda ke bin sawun kumbunan Mercury da Gemini idan sun ratso ta saman Afirka. A ɗaya ɓangaren, babban injiniyan Sobiyet, Sergei Korolev, ya rasu a Janairun 1966, kuma rokarsu ta zuwa wata mai suna N1 ta gaza a duk gwaje-gwajenta 4 tsakanin 1969 da 1972. Da aka ci tseren, sai dalilin kashe kuɗin ya gushe. An soke tafiye-tafiye 3 na ƙarshe da aka tsara, masana'antun da ke ƙera rokar Saturn V, wadda ke ɗaukar kumbunan Apollo, suka koma wani aiki, ma'aikatan suka watse, kuma yau rabon NASA bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na kasafin ba. Saboda haka ba ilimin ne ya ɓace ba, niyyar biyan kuɗinsa ce ta kau.

Injiniya daga Maraɗi:

Baba ya amsa rabin farko na tambayar sarai. Ni zan taɓa rabi na biyu, domin a ganina wannan tsere ya bambanta da na da ta fuskar wurin da ake nufa da kuma abin da ake son yi idan an isa. Kumbunan Apollo duka sun sauka ne a gefen da ke fuskantarmu, nesa da ƙuryoyin watan, wato can ƙarshen arewa da ƙarshen kudu nasa, kuma wanda ya fi daɗewa, Apollo 17, kimanin kwana 3 kawai ya yi. Yanzu kowa ƙuryar kudu yake nufa. A can akwai ramuka masu zurfi waɗanda hasken rana ba ya shiga cikinsu ko kaɗan, kuma a 2009 NASA ta jefa wani sashe na roka cikin ramin Cabeus ta auna ƙurar da ta tashi, aka tabbatar akwai ƙanƙarar ruwa a ciki. Ruwa a wata abin sha ne, sannan idan aka raba shi ana samun oksijin na numfashi da haidirojin na man roka. A bakin wasu daga cikin ramukan nan kuma akwai tuddai da ke samun hasken rana mafi yawan lokaci, alhali a sauran sassan watan dare ɗaya yana kai kimanin kwana 14. Wuraren da suka haɗa haske da kusanci da ƙanƙara da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar sauka ba su da yawa, kuma a nan ne gasar take.

Hanyoyin da ƙasashen biyu suka bi ma sun sha bamban. Sin ta tura mutuminta na farko, Yang Liwei, zuwa sararin samaniya a Oktoban 2003, ta saukar da kumbon Chang'e 3 marar mutum a kan wata a 2013, ta zama ta farko da ta sauka a bayan wata, wato gefen da ba ya fuskantarmu, da Chang'e 4 a Janairun 2019, ta kawo giram 1,731 na ƙasar wata a 2020, sannan a Yunin 2024 Chang'e 6 ya dawo da samfurin farko daga bayan watan. Ta kammala tasharta ta sararin samaniya mai suna Tiangong a 2022, ta kuma ce za ta saukar da mutanenta kafin 2030. Mataki take hawa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da sauyin gwamnati ya rushe mata tsari ba. Amurka kuwa ta fara shirin komawa a zamanin George W. Bush, gwamnatin Obama ta soke shi a 2010, aka farfaɗo da manufar a 2017, aka sa 2024 a matsayin shekarar sauka, aka kuma yi ta ɗagewa. Kumbon Orion na NASA ya zagaya wata ba kowa a ciki a ƙarshen 2022, amma kumbon da zai sauka da mutane an ba kamfanin SpaceX kwangilarsa ne a 2021 kan dala biliyan 2.9, kuma tsarinsa yana bukatar a yi ta kai masa mai a sararin samaniya kafin ya kama hanyar wata.

Hajiya Lauya:

Injiniya, ka kawo mu daidai inda doka take da rauni. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967, wadda Amurka da Rasha da Sin duk suke cikinta, ta hana kowace ƙasa mallakar wata ko wani yanki nasa, ko ta hanyar shela ko ta hanyar zama a wurin. Amma ba ta fayyace wanda ke da ikon abin da aka haƙo ba. A 2015 Amurka ta yi dokar da ta ba 'yan ƙasarta damar mallakar abin da suka haƙo, sannan a Oktoban 2020 ta fito da Yarjejeniyar Artemis, wadda a ciki aka amince da keɓe yankin kariya kewaye da inda wata ƙasa ke aiki, domin kada ayyukan wani su cutar da na wani. Hujjar tana da ma'ana, tunda ƙurar da roka ke tayarwa wurin sauka tana iya lalata na'urorin maƙwabci. Sai dai abin ya yi kama da rumfar kasuwa: fili ba na kowa ba ne, amma wanda ya riga ya kafa rumfa a bakin hanya ba mai tashinsa. Sin da Rasha ba su shiga wannan yarjejeniya ba, sun ƙulla tasu a 2021 ta gina tashar bincike a wata. Ƙasashen Afirka ma sun rarrabu: Najeriya da Ruwanda sun sa hannu a ta Artemis a Disamban 2022, Afirka ta Kudu da Masar kuma suka shiga shirin Sin a 2023.

Mai Shakka:

Hajiya, ina girmama bayaninki, amma ina ganin ana zuzuta batun ƙanƙarar nan fiye da kima. Ba wanda ya taɓa haƙo ta, kuma aiki cikin ramin da babu haske, mai sanyin da ke daskarar da kusan komai, ba abu ne na shekara 5 ko 10 ba. Idan ilimi ake so, na'ura ta wadatar. Sobiyet ta kawo ƙasar wata da Luna 16 tun 1970 ba tare da ta sa ran kowa cikin haɗari ba, Indiya kuma ta saukar da Chandrayaan-3 a yankin kudu ranar 23 ga Agusta, 2023 da kuɗin da bai kai dala miliyan 100 ba, kwanaki kaɗan bayan kumbon Rasha Luna 25 ya faɗi ya tarwatse. Ku kwatanta wannan da ƙiyasin babban mai binciken kuɗi na NASA cewa kowace tafiya ta farko-farko a shirin Artemis, wato shirin Amurka na komawa wata, za ta ci kimanin dala biliyan 4. A wurina dalilin bai sauya ba tun zamanin Kennedy: ana so a nuna wa duniya wane ne babba.

Injiniya daga Maraɗi:

Malam, ban musa cewa neman suna yana ciki ba, amma alƙaluman ba su goyi bayan cewa na'ura ta wadatar ba. 'Yan Apollo sun kawo kilo 382 na duwatsu da ƙasa, Luna 16 kuwa kimanin giram 100 ya kawo, kuma a tafiyar ƙarshe akwai masanin duwatsu, Harrison Schmitt, wanda ya zaɓi abin da zai ɗauka da idonsa. Abin da na yarda da kai a kai shi ne gaggawar ta siyasa ce, ba ta kimiyya ba.

Ɗalibin Kimiyya:

Na gode muku ƙwarai, iyayena da yayyena. Saura abu ɗaya: na karanta cewa a 1975 kumbon Amurka da na Sobiyet sun haɗu a sararin samaniya, 'yan sama jannatinsu suka yi musafaha. Me zai hana Amurka da Sin su yi irin wannan haɗin kai, su rage wa kansu kashe kuɗi?

Hajiya Lauya:

Ƙanena, doka ce ta hana. Tun 2011 majalisar dokokin Amurka take sa wani sharaɗi a dokar kasafin kuɗi, wanda ake kira da sunan ɗan majalisa Frank Wolf, da ya hana NASA kashe kuɗinta kan haɗin gwiwa kai tsaye da Sin sai da izini na musamman, bisa fargabar satar fasaha da kuma alaƙar shirin Sin da rundunar sojanta. Ka lura kuma cewa haɗuwar 1975 ta zo ne shekara 6 bayan an gama tseren, lokacin da babu sauran abin da ake jayayya a kansa a wata. Ko haɗin kan da ya biyo baya a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda daga 2011 zuwa 2020 Amurka ta dogara da kumbon Soyuz na Rasha wajen kai mutanenta, bai taɓa haɗawa da Sin ba. Idan kuma wata rana kumbunan ƙasashen biyu suka nufi tudu ɗaya a bakin ramin Shackleton da ke ƙuryar kudu, abin da yarjejeniyar 1967 ta tanada kawai shi ne su tuntuɓi juna kafin ɗaya ya yi aikin da zai cutar da ɗaya, kuma ba ta kafa wata kotu ko hukumar da za ta yanke hukunci idan tuntuɓar ta ci tura ba.