Neman shawara: ina zan samo kiɗan hardcore da zan koyi haɗa kiɗa da shi?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum, manyanmu da 'yan'uwa na wannan zaure. Ni sabon shiga ne a harkar DJ, ina da ƙaramar na'urar haɗa kiɗa mai faranti biyu da nake jonawa da kwamfuta, kuma kiɗan rawan da ya fi kwanta mini a rai shi ne wanda ake kira hardcore. Damuwata ita ce, duk lokacin da na nemi wannan suna, abubuwan da ke fitowa ba sa kama da juna: wani jita ce da ihu, wani fiyano ne da zazzaƙar murya, wani kuma dukan ganga ne zalla kamar ana rushe gini. Waɗanda na kwaso daga bidiyoyin intanet kuwa, da zarar na shigar da ɗaya cikin ɗaya sai gangunansu su riƙa karo. Ina roƙon a nuna mini inda ake samun kiɗan, da kuma wanda ya dace mai koyo ya fara da shi.

Tsohon Faifai:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin maganar inda za ka samu, sai ka tsayar da reshen da kake so, domin suna ɗaya ne ya lulluɓe kiɗa iri-iri. Mai jita da ihun nan ka ajiye shi gefe, wannan na makaɗan punk ne, ba shi da alaƙa da aikinka.

Wanda ka ce ganga ce zalla, shi ne gabber, wanda ya yi ƙarfi a birnin Rotadam na ƙasar Holan a farkon shekarun 1990. Asalin amonsa daga na'urar ganga ta Roland TR-909 ne, wadda ake ƙure ƙarar bugunta da gangan har sai ya fashe ya zama wani sauti mai kauri da gurnani. Paul Elstak ya kafa kamfanin faifai na Rotterdam Records a 1992, a shekarar kuma aka fara taron rawa na Thunderdome, sannan Mokum Records ya biyo baya a Amstadam a 1993. A Amurka, Lenny Dee ya riga su da kamfanin Industrial Strength tun 1991. Mai fiyano da zaƙin murya kuwa, happy hardcore ne, wanda ya tsiro daga dandalin rawa na Ingila a tsakiyar shekarun 1990. Dukansu biyu suna gudu ne tsakanin bugu 160 zuwa 180 a minti ɗaya. Ƙasa da su akwai hardstyle a wajen 150, sama da su kuma akwai frenchcore da uptempo, masu kai wa 200 har su wuce.

Shawarata ita ce ka ɗauki reshe ɗaya, ka tara kiɗa ashirin zuwa talatin waɗanda saurinsu bai yi nisa da juna ba, misali daga 170 zuwa 175, ka saurare su har sai ka san inda kowanne yake lafawa da inda yake tashi. Na sha ganin masu koyo da suka cika kwamfuta da dubban fayiloli, amma ba za su iya gaya maka yadda ko ɗaya yake ƙarewa ba.

Mai Kunne:
Abin da Yaya Tsohon Faifai ya faɗa haka yake, ni zan yi magana ne kan wurin samu. Shagon sayar da kiɗa na intanet Beatport yana da sashe na kiɗa masu zafi, ana iya tacewa da saurin bugu, wanda kuwa babban sauƙi ne gare ka. Hardtunes shago ne da ya keɓanta da kiɗa masu zafi, har da hardcore na reshen Holan. A Bandcamp za ka tarar da ƙananan kamfanoni da makaɗa masu sayar da aikinsu da kansu, wasu ma sun bar wa mai saye ya yanke abin da zai biya, a SoundCloud kuma sababbin makaɗa kan bayar da wasu kiɗansu kyauta da yardarsu.

Hanyar gano kiɗa mai kyau ita ce bin sawun waɗanda suka iya. Ka saurari haɗin wani DJ da ya burge ka, ka nemo jerin abin da ya saka a shafin 1001Tracklists, duk wanda ya kama ka sai ka duba sunan kamfanin da ya fitar da shi a shafin Discogs, ka bi sauran abin da kamfanin ya fitar. Kamfani ɗaya yakan riƙe salo ɗaya, shi ya sa kiɗansa ke shiga juna ba tare da wahala ba.

Abu biyu za ka kula da su wajen saye. Ka ɗauki cikakken kiɗan da aka tanadar wa DJ, mai doguwar shimfiɗar ganga a farko da ƙarshe, ka guji gajeren da aka datse domin rediyo. Sannan fayil ɗin kada ya gaza MP3 mai ingancin 320 kbps, in da hali WAV ko FLAC waɗanda ba a rage ingancin sautinsu ba. Abin da aka tatso daga bidiyo an riga an matse shi, kuma wannan kiɗa da ma a ƙure yake, don haka a babbar lasifika ƙarfe-ƙarfe kawai za a ji, ga kuma haƙƙin mai shi da aka danne.

'Yar Zaure:
Ɗan'uwa, ni a ganina ka fara da kiɗan rawa na house mai gudun 125, hannunka ya faɗa tukuna. A wannan saurin bugu 32 yana ɗaukar sama da daƙiƙa 15, a 170 kuwa daƙiƙa 11 ne da 'yan kai, kafin ka gyara kuskure jimlar kiɗan, wato zangon bugu 32 ɗin, ta wuce ka.

Tsohon Faifai:
Lissafinki daidai ne, 'yar'uwa, amma ban goyi bayan ya bar abin da yake so ba, domin wanda aka tilasta wa atisaye da kiɗan da bai dame shi ba yakan ajiye na'urar. Ganga a hardcore a fili take, babu kiɗan da ya fi shi sauƙin jin inda bugu yake. In saurin ya yi masa yawa, ya ja faranti biyun ƙasa zuwa 155 ya yi atisaye, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Karon gangunan da ka ambata, ƙanena, ba lallai rashin daidaita sauri ba ne kaɗai. Gangar wannan kiɗa tana da jela mai tsawo, kuma tana da nata sautin, saboda haka biyu ba sa zama tare ko da sun sauka lokaci guda. Ka ƙirga bugu huɗu-huɗu sau takwas, ka saki sabon kiɗan a kan bugun farko na sabuwar jimla da maɓallin amo mai kauri a rufe, idan jimlar ta cika sai ka rufe na tsohon ka buɗe na sabon a tare. Haɗin hardcore gajere ne, sau da yawa ma yanke ake yi kai tsaye a lokacin da kiɗan ya lafa. Ka kuma sa ido kan fitilun ƙara kada su riƙa kai wa ja, kuma ka sassauta abin da kake sa wa a kunne, domin awa biyu na irin wannan duka ba wasa ba ne ga dodon kunne.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na zaɓi reshen Ingila, na kuma sayi guda shida. Sai dai manhajata tana nuna mini 86 a kan wasu, alhali shagon ya rubuta 172. Ko an ba ni wani fayil ne daban?

Mai Kunne:
Fayil ɗinka lafiya yake, manhajar ce ta ƙirga rabi. Ko rekordbox kake amfani da ita, ko Serato, ko Traktor, ko Mixxx wadda kyauta ce, akwai wurin ninka adadin sau biyu, kuma a yawancinsu za ka iya saita iyakar saurin da za ta riƙa aunawa kafin ka sa ta sake nazarin kiɗan. Bayan haka ka duba ko layin farko cikin layukan da manhajar ke zanawa a kan kiɗan ya zauna daidai kan bugun ganga na farko, in bai zauna ba ka matsar da shi da hannu.

Tunda reshen Ingila ka ɗauka, jerin faifan Bonkers da aka fara fitarwa a 1996 zai nuna maka sunayen makaɗan da za ka nema, amma kada ka yi atisaye da shi, domin a haɗe yake tun daga kamfani. Tsofaffin kiɗan da aka kwafo daga faifan garmaho kuma saurinsu kan ɗan yi rawa, layin manhaja ba ya bin su har ƙarshe, don haka ka jinkirta su har sai kunnenka ya iya gyarawa ba tare da kallon allo ba.