Musayar Waƙa: Shin Akwai Wurin Sauka?

Mai buɗe fage:
Salama gare ku, 'yan'uwa. 25 ga Disamba, ranar Kirsimeti, bikin haihuwar Yesu, ta ƙarato. Ga baitocina, duk mai amsawa ya riƙe mana amsa-amon "wa".

Kaisar Augustas ya ba da umarni,
Kowa garinsu ya je ƙidayawa.
Yusufu ya bar Nazarat ta Galili,
Da Maryamu tana dab da haihuwa.
Sun isa Baitalami, birnin Dawuda,
Masauki babu gurbin kwantawa.
Sarkin sarakuna a komin dabbobi,
Nan aka sa shi da zanen rufewa.
To ga tambayata, ni da ku duka:
A zukatanmu akwai wurin sauka kuwa?

Mai nauyin zuciya:
Yaya, ka taɓo inda ke min ciwo,
Tawa a kulle take, ba ta buɗuwa.
Bana na binne uwar da ta haife ni,
Ni da ƙanena kuma ba ma gaisawa.
Rabon gado ya shiga tsakaninmu,
Maganganun da aka yi ba sa ɗebuwa.
Ana rera yabo a cikin majami'a,
Bakina na bi, zuciya na ƙiyawa.
Yaya zan ce wa Ubangiji shigo,
Ɗakin da ban share ba, ba ya shiguwa?

Baba dattijo:
Allah ya ba ka haƙurin rashi, ɗana. Matso kusa ka ji.

Ɗana, wa ka ji ya share komin nan
Kafin Mai Ceto ya zo kwantawa?
Makiyaya na kwana a fili da garke,
Su mala'ika ya fara sanarwa.
Tuna da Zakka, mutumin Yariko,
Shugaban masu haraji, mai kuɗi da yawa.
Yesu ya ce, yau a gidanka zan sauka,
Tun bai gyara komai ba kuwa.
Sai da Baƙo ya shiga ya zauna
Zakka ya ce rabin dukiyata ta matalauta ce, ina bayarwa,
Wanda na zalunta kuma, ninki huɗu
Zan mayar masa, ba ragewa.
Batun kuka, ɗana, yi abinka,
Baitalami ma ta san kokawa:
Hirudus ya kashe 'yan yara maza,
Shekara 2 zuwa ƙasa, ba tausayawa.
A kabarin Li'azaru Yesu ya yi hawaye,
Naka ba za su sa shi juyawa ba, ba ya gujewa.
Muna ƙauna don shi ya fara ƙaunarmu,
1 Yohanna 4:19, je ka dubawa.

'Yar'uwa a cikin Almasihu:
Baba, na yarda da kai ɗari bisa ɗari, amma a bar ni in ƙara aya ta gaba, don tana nan manne da wadda ka kawo.

Wanda bai ƙaunaci ɗan'uwan da yake gani ba,
Ta ina zai ƙaunaci Allah da ba ya ganuwa?
Mai ƙwanƙwasa ƙofa a Wahayin Yohanna,
Ikilisiyar Lawudikiya yake faɗa wa,
Masu zuwa sujada irinmu ke nan,
Yana waje tsaye, muna ciki muna rerawa.
Yayana, in ka buɗe wa Yesu Imanuwel,
Da ƙanenka a hannu zai zo shigowa.

Mai nauyin zuciya:
Baba, na gode. Ƙanwata, kin fama ciwon,
Amma magani ne, ina haɗiyewa.
Ban ce zafin ya bar ni ba tukuna,
Kewar mahaifiyata ba ta raguwa.
Na dai durƙusa na ce, shigo hakanan,
Ka ga ɗakin, ba abin ɓoyewa.
Gobe da safe zan je gidan ƙanena,
Ba batun gado, zuwa ne na gaisawa.
Ku taya ni da addu'a, 'yan'uwana,
In na yi sallama, kada ya ƙi amsawa.